Daga ɗigo zuwa molekil: yadda magungunan rage matsin ido ke aiki

1. Gabatarwa

Wannan ƙasida ta samo asali ne daga aikin fassara. An kawo mana wata takardar Faransanci mai yi wa marasa lafiya bayanin ciwon da likitoci ke kira «glaucome», aka nemi mu juya ta zuwa Hausa domin a karanta a rediyo. Ba mu wuce layi na uku ba muka cije. Sunan da ya fi yaɗuwa a bakin jama'a shi ne «hawan jinin ido», wanda aka ƙera bisa samfurin «hawan jini», kamar yadda Faransanci ya jera «tension artérielle» da «tension oculaire». Sai dai Faransanci kalmar matsi ya maimaita, Hausa kuwa ta maimaita kalmar jini, alhali abin da ke hawa a cikin idon ruwa ne.

Da abin ya tsaya ga gardamar masu ilimin harshe, da mun bar shi. Amma wani dattijo daga danginmu a Damagaram, wanda aka rubuta wa maganin ɗigawa, ya ajiye kwalbar bayan wata biyu. Da muka tambaye shi dalili sai ya ce: «Malam, an auna mini tansiyon a gidan likita, an ce lafiya lau. Na bar gishiri, na bar goro. To wane jini kuma ya rage da zai hau?» Muka ce: «Baba, ai na ido daban ne.» Ya ce: «Daban da me?» A ranar ba mu da amsar da za ta gamsar da shi.

Ciwon ba ƙarami ba ne a yankinmu. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu gulokom a wajen kashi 5 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40. Jijiyar gani, mai ɗauke da zare sama da miliyan ɗaya, ba ta tsirowa idan ta mutu. Magani ba ya maido da abin da ya tafi, yana tsare abin da ya rage ne kawai. Wani bincike da aka yi a Suwidin, wanda sakamakonsa ya fara fitowa a 2002, ya nuna cewa kowane milimeta ɗaya da aka rage daga matsin yana rage haɗarin ci gaban ciwon da wajen kashi 10 cikin 100. Mu ba likitoci ba ne. Abin da muke so mu nuna shi ne kowane umurni da ke kan ordonans, na lokaci da na adadi da na ajiya, yana da tushe a cikin aikin wata furotin, kuma mai fassarar da bai san wannan tushe ba zai yi ta juya kalmomi ne a cikin duhu.

2. Kalmomin aiki

«Ƙwayar halitta» ba za ta yi mana amfani ba, domin mun tarar ana fassara «cellule» da «gène» da «molécule» duka da ita. Saboda haka muka ari selil da molekil da furotin da anzim. Anzim furotin ce mai gaggauta sauyawar wani sinadari zuwa wani, ba tare da ita ta ƙare ba. Sunayen magunguna mun bar su kusa da yadda suke a kan kwali.

Game da «récepteur» mun yi jinkiri tsakanin sunan wuri, makarɓa, da sunan mai aikatawa, makarɓi. Mun zaɓi na biyu, domin abin ba wurin ajiye kaya ba ne: furotin ce da ke zaune a bangon selil, kanta a waje, ƙafarta a ciki, idan wani molekil ya shiga aljihunta sai ta sauya siffa ta isar da saƙo zuwa ciki. Jam'insa «makarɓa» ya yi daidai da sunan wurin a rubutu, karin sauti ne kaɗai ke raba su. A nan duk inda aka ga «makarɓa» jam'i ake nufi. Maganin da ke shiga aljihun ya tayar da makarɓi mun kira shi mai tayarwa. Wanda ke shiga ya zauna kawai, ya hana mai wurin shiga, mai tarewa.

3. Ruwan da hanyoyinsa

Ruwan da muke magana ba hawaye ba ne. Hawaye a waje suke. Wannan yana ciki, tsakanin korne, wato gilashin gaban ido, da kiristalan da ke bayan baƙin ido. Waɗannan sassa biyu ba su da hanyoyin jini, don da suna da su haske ba zai ratsa ba, shi ya sa ruwan ne ke kai masu abinci yana kwashe masu datti.

Maɓuɓɓugarsa wani zobe ne na tsoka a bayan baƙin ido, mai ƴan yatsu wajen 70, wanda Faransanci ke kira «corps ciliaire». Da rana tana fitar da wajen mikrolita 2,5 a minti ɗaya. A kwana guda duka bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ruwan ya ratsa ta tsakiyar baƙin ido zuwa gaba, sa'an nan ya fita ta hanyoyi biyu. Babbar hanya tana kusurwar da korne ya haɗu da baƙin ido: wani saƙaƙƙen nama ne mai ramuka, bayansa da kwatar da Friedrich Schlemm ya bayyana a Berlin a 1830, wadda ke zubawa a ƙananan hanyoyin jini na farin ido. Wannan saƙa mun kira ta rariya, kuma kalmar ta faɗo daidai, tun da a Hausa tana nufin abin tankaɗe, tana kuma nufin kafar da ruwa ke fita daga gida. Hanya ta biyu, wadda Anders Bill ya tabbatar a Upsala a 1965, ba ta da kwata: ruwan yana tsatsafowa ne ta tsakanin zaren tsokar maɓuɓɓuga, kamar yadda ruwan gulbi ke nutsewa cikin rairayi.

Matsin ido na lafiya yana tsakanin milimeta 10 da 21 na ma'aunin zaiba. A irin gulokom da ya fi yawa a Afirka, maɓuɓɓuga ba ta ƙara komai ba. Rariya ce ke taurara tana cushewa sannu a hankali, ba zafi, ba ja. Ke nan dabara biyu ce ta rage ga mai magani: ko ya rage shigowa, ko ya sauƙaƙa fita.

4. Rage shigowa

Ruwan ba tacewa kawai yake yi daga jini ba, ƙera shi ake yi. Ƴan yatsun maɓuɓɓuga suna lulluɓe da layi biyu na selil masu haɗe da juna ta ƙananan ƙofofi. Layin baya yana ɗibar sodiyom da kulor daga gefen jini, ya miƙa wa na gaba, shi kuma ya tura su cikin ido da wani famfo na furotin mai fitar da sodiyom 3 ya shigar da potasiyom 2 a kowane juyi. Inda gishiri ya tafi nan ruwa ke bi. Wanda ya rage turawar gishiri ya rage ruwa, kuma akwai wuri uku da ake kama wannan aiki.

Na farko shi ne makarɓin beta. Adirenalin da jiki ke saki idan mutum yana farke tana shiga aljihun wannan makarɓi, wanda zarensa ya ratsa bangon selil sau bakwai. Da ya sauya siffa sai ya tayar da wata furotin ta ciki da ake kira G, ita kuma ta tayar da anzim mai ƙera ɗan aike na biyu, AMP mai zobe. Yawan wannan ɗan aike shi ke gaya wa ƙofofin gishiri su ƙara himma. Abin lura a nan shi ne saƙon yana ƙaruwa a kowane mataki: makarɓi ɗaya yana tayar da G masu yawa, anzim ɗaya yana ƙera ƴan aike masu yawa, kamar maganar sarki da ke fita daga baki ɗaya, sanƙira ya ɗaga ta, masu shela su watsa ta gari. Shi ya sa tare ƙofar farko ya fi tare ta ƙarshe riba. Timolol, wanda aka amince da shi a Amurka a 1978, mai tarewa ne: siffarsa ta yi kama da ta adirenalin har ya shiga aljihun, amma ba ta kai ta juya makarɓin ba. Danginsa da ya riga shi, propranolol na James Black, an yi shi ne don zuciya. A 1967 aka lura yana rage matsin ido, sai dai yana kashe jin korne, shi ya sa aka jira wani.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani kai tsaye. Na ɗaya, mai tarewa ba ya da aiki idan babu wanda zai tare. Lokacin barci adirenalin tana sauka, ruwan da ake ƙerawa ya ragu da wajen rabi da kansa, timolol kuwa ba ya ƙara wani abin kirki a kan haka. Shi ya sa ɗigon safe ne mai nauyi. Na biyu, makarɓin beta ba a ido kaɗai yake ba: yana hanyoyin numfashi inda yake buɗe su, yana zuciya inda yake hanzarta ta. Mai fuka, wato asma, da mai jinkirin bugun zuciya, ɗigon ido na iya kai su kwance. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman. Timolol yana manne wa melanin, sinadarin da ke ba ido da fata duhu, ta yadda a baƙin ido mai duhu wani kaso na maganin yana maƙalewa kafin ya isa ga makarɓi. Wani gwaji da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, wanda aka buga a 2021, ya samu cewa bayan shekara ɗaya timolol ya riƙe matsi yadda ake so a kashi 31 cikin 100 na idanu, haskawa da lazar a rariya kuwa a kashi 61. Dalilan suna da yawa, har da rashin ɗigawa a kan kari; amma adadin ya isa ya sa a daina ɗaukar mafi arha a matsayin wanda ya wadatar.

Wuri na biyu makarɓin alfa-2 ne, kuma ba za mu daɗe a kansa ba, domin hanyar ɗaya ce aka biyo ta baya. G ɗin da ke ƙarƙashinsa mai hanawa ce: idan aka tayar da shi, anzim ya lafa, AMP mai zobe ya ragu. Birimonidin, na 1996, mai tayarwa ne, timolol mai tarewa, amma sakamakonsu ɗaya. Birimonidin yana ƙetara shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa, yana sa gyangyaɗi, kuma an hana ɗiga shi ga yaron da bai kai shekara 2 ba don yana iya danne masa numfashi.

Wuri na uku ba makarɓi ba ne, anzim ne: anhidraz karbonik, wanda aka gano a 1933. Aikinsa haɗa iskar karbon da ruwa su ba da bikarbonat, irin wanda ke cikin kanwa. Selil ɗin maɓuɓɓuga suna musayar wannan bikarbonat da kulor, abokin fitowarsa kuma da sodiyom; shi ne kuɗin da suke sayen gishiri da shi. A ƙasan wani rami mai siffar mazurari a jikin anzim akwai atom ɗaya na zinki riƙe da molekil ɗin ruwa, kuma a nan ne aikin ke gudana, har kusan sau miliyan ɗaya a daƙiƙa. Magungunan wannan gida suna da kai na sulfamid wanda ke shiga ramin, ya ture ruwan, ya kama zinkin.

Wannan sauri na anzim shi ne ya jawo jiran shekara arba'in. Bernard Becker ya nuna a 1954 cewa asetazolamid na haɗiya, wanda aka sani da sunan Diamox, yana rage matsin ido. Amma da aka ɗiga shi bai yi komai ba. Anzim mai irin wannan hanzari, ko kashi 2 cikin 100 ne suka tsira, sun isa su ci gaba da aiki. Dole a rufe sama da kashi 99, kuma asetazolamid ba ya ratsa korne da yawan da zai kai haka. Thomas Maren ya shafe shekaru yana jayayya cewa abin zai yiwu in an sami molekil mai narkewa a ruwa da mai duka biyu. Dorzolamid ya shigo kasuwa a 1995, bayan an zana shi ana duban siffar ramin anzim da hasken X. Yana da ɗan tsami, shi ya sa yake yaji a ido. Na haɗiyar har yanzu ana amfani da shi idan matsi ya yi tsanani, amma tun da anzim ɗin yana ƙoda da jajayen selil na jini, yakan kawo yawan fitsari da tsitstsirar yatsu, ya kuma sa jini ya yi tsami. A ƙasar da amosanin jini, wato sikila, ya yawaita, wannan tsami ba abin wasa ba ne, domin yana taimaka wa jajayen selil su lanƙwashe. Tambayar «kana da sikila?» ta kamata ta shiga duk wata fassarar takardar wannan magani.

5. Sauƙaƙa fita

Maganin gulokom na farko a tarihi daga yammacin Afirka ya fito. A Kalaba, Efik suna da wani wake mai dafi da suke kira «esere», wanda ake ba wanda aka zarga da maita ya haɗiye: in ya amayar ya tsira, in ya mutu laifi ya tabbata. Masu mishan na Sikotlan suka kai shi Edimbura, inda aka nuna a 1863 cewa ruwansa yana tsuke tsakiyar baƙin ido. A 1876 Ludwig Laqueur ya yi amfani da shi ga masu gulokom a Strasbur. Sunan sinadarin a Faransanci, «ésérine», kalmar Efik ce da aka liƙa wa ɗafa-ƙeyar kimiyya. Mun ambaci wannan ne don ɗalibanmu masu ganin aro hanya ɗaya kawai yake bi.

Eserin yana rufe anzim ɗin da ke share asetilkolin, saƙon da jijiya ke aika wa tsoka. Saƙon ya taru, tsoka ta ɗaure. Pilokarpin, daga ganyen wani itacen Barazil, wanda Adolf Weber ya shigar a 1877, yana yanke hanya: shi da kansa yake tayar da makarɓin M3 na tsokar, kalsiyom ya fito daga rumbunsa na cikin selil, zare ya ja. Tun da ƙarshen wannan tsoka a ɗaure yake da gindin rariya, in ta ja sai ramuka su buɗe, kamar yadda ake miƙe raga. Aikin makaniki ne zalla. Farashinsa shi ne ciwon goshi, da duhun gani da dare, da ɗigawa har sau huɗu a yini. Sa'an nan ɗaurewar da ke buɗe rariya ita ce ke matse tsakanin zaren tsokar, wato tana rage hanya ta biyu.

Wannan hanya ta biyu ita ce ta prostaglandin, kuma a nan ya kamata mu zauna kaɗan. Sunan kansa kuskure ne da ya zauna: Ulf von Euler ya raɗa shi a 1935 yana zaton daga prostat sinadarin ke fitowa, daga baya aka gane kusan kowane nama na jiki yana ƙera shi. Likitocin ido sun daɗe suna ganinsa abokin gaba, domin shi ke tashi idan ido ya kumbura, kuma da yawansa yana hawar da matsi. László Bito da Carl Camras, a jami'ar Kolumbiya ta Niyok, suka nuna a 1977 cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana saukar da matsi a idon zomo. An ɗauki kusan shekara ashirin, tare da masu bincike na Upsala, kafin a gyara molekil ɗin ya daina ja da yaji: latanoprost ya fito a 1996.

Abin da ake ɗigawa ba shi ne maganin ba tukuna. Ainihin molekil ɗin asid ne mai caji, bangon selil ɗin korne kuwa mai ne, ba ya barin mai caji ya wuce. Sai aka rufe cajin da wata ƴar hula ta esta. Da hular ya ratsa. A cikin korne akwai anzim masu cire irin wannan hula, suka cire, asid ya fita cikin ruwan ido a shirye. Idon da kansa ne ke gama haɗa maganinsa. Daga nan ya tayar da makarɓin FP a kan selil ɗin tsokar maɓuɓɓuga. Saƙon yana sassauta tsokar cikin awoyi, amma ba nan ya tsaya ba: yana isa har cibiyar selil, ya sa a ƙara ƙera wasu anzim masu yanka kolajen, wato zaren da ke cike tsakanin tsoka kamar yaɓe tsakanin tubali. Yaɓen ya yi sako-sako, hanyoyi su faɗaɗa, ruwa ya sami wurin nutsewa. Sauran magunguna suna juya famfo ne. Wannan yana sake gini.

Daga nan ake gane halayensa. Ƙarfinsa a kwalba kashi 0,005 ne cikin 100, alhali na timolol 0,5 ne, ninki ɗari ke nan, amma yana rage matsi da rubu'i zuwa sulusi, dare da rana. Sau ɗaya ake ɗigawa, da yamma, aikinsa ya kai ƙololuwa bayan awa 8 zuwa 12. Wanda ya ɗiga sau biyu don neman ƙari, raguwa yake samu, domin makarɓin da aka dama ba hutawa yakan dushe. Wannan ya saɓa wa tunanin da muka saba da shi, cewa yawan magani shi ne ƙarfinsa, kuma jimlar Faransanci «une goutte le soir» ba ta faɗi haka ba. A Hausa sai mun ƙara «kada a wuce». Makarɓin FP yana kuma saiwar gashi da selil masu ƙera melanin, shi ya sa gashin ido ke tsawo, fatar kewayen ido ta ƙara duhu. Sa'an nan molekil ɗin ba ya son zafi: kwalbar latanoprost ta asali da ba a buɗe ba firigo take bukata, tsakanin digiri 2 da 8, bayan buɗewa kuma kada ta wuce 25. Wanda ya san Afirilu da Mayu a Tahoua ko Yamai, inda ma'auni ke haura 40 kuma kuran ke ɗaukewa, ya san wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. A tambayi mai farmasi, don akwai nau'o'in da aka gyara su jure zafin ɗaki. Inda ba firigo kuwa, gindin randa a inuwa ya fi aljihun riga.

Abin mamaki shi ne rariya, inda ciwon yake, ita ce ta ƙarshe da aka samo wa magani na kanta. Selil ɗinta suna da zaren aktin da miyozin kamar tsoka, kuma wani anzim, Rho-kinaz, shi ke riƙe su a ɗaure. Ripasudil a Japan a 2014 da netarsudil a Amurka a 2017 suna zama a gurbin da anzim ɗin ke karɓar makamashinsa. Zare ya saki, rariya ta yi laushi. Suna sassauta hanyoyin jini na farin ido ma, shi ya sa jan ido ya zama babban koken masu amfani da su.

6. Tafiyar ɗigo, da ɗigon da ke hawar da matsi

Ɗigo ɗaya yana kai mikrolita 30 zuwa 50, alhali hawayen da ke kan ido wajen 7 ne, kuma iyakar abin da aljihun fatar ido ke riƙewa bai wuce 30 ba. Ɗigo na biyu a kumatu yake ƙarewa. Abin da ke ratsa korne bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Mafi yawan saura yana bin ƴar kafar da ke kusurwar ido ta wajen hanci, ya sauka hanci, ya shiga jini kai tsaye ba tare da ya bi ta hanta ba, inda da an haɗiye shi za a rage masa ƙarfi. Ta nan timolol ke isa huhu da zuciya, ta nan kuma ɗacin dorzolamid ke isa maƙogwaro, abin da ke sa wasu su ajiye kwalba duk watan azumi. Rufe ido da danna wannan kusurwa da yatsa na minti biyu yana tsare hanyar. Mai magani iri biyu ya bar minti biyar tsakaninsu, don kada na biyu ya wanke na farko.

Akwai kuma ɗigon da ke aiki a kishiyar duk abin da muka bayyana. Kolir mai kortizon, irin su deksametazon, yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa yake da kasuwa a kan tiren masu tallar magani, musamman lokacin hunturu da ƙura. Kortizon ba ya tsayawa a bangon selil; makarɓinsa yana ciki, su biyun su shiga cibiya su sauya jerin furotin da ake ƙerawa. A rariya sakamakon shi ne ƙarin yaɓe, da raguwar anzim masu yanka shi, da taurin zaren aktin. Binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1960 ya nuna cewa bayan mako huɗu zuwa shida na ɗigawa, wajen mutum ɗaya cikin uku matsinsa yana hawa, wajen kashi 5 cikin 100 kuma ya hau ƙwarai. Yara masu ƙaiƙayin ido na shekara-shekara, waɗanda iyaye ke saya wa kwalba bayan kwalba, suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa, kuma idon yana fari tas yayin da jijiyar ke mutuwa.

A fassarar da muka miƙa wa gidan rediyo mun rubuta «matsin ruwan cikin ido», muka ambaci «hawan jinin ido» sau ɗaya a farko don mai sauraro ya gane ciwon da ake nufi. Mai karantawa ya koka cewa sabon sunan ya yi tsawo a baki, ya nemi a bar shi ya ce «matsin ido» daga layi na biyu. Mun yarda, bisa sharaɗin kalmar ruwa ta fito a layin farko.